Faƙon Baba Arzika

Ruwan farko na bana ya sauka Tawa ranar Alhamis da la'asar, ina zaune a zaure ina kallon 'yata Rakiya tana ta yayyaga takardu. Aikinta horar da ma'aikata, kuma an ba ta ta shirya wa masu gyaran famfunan sola darasi. Na tambaye ta laifin takardun. Ta ce shugabanta so yake a dunƙule komai a kwana biyu, ita kuwa ta ƙi. Wai masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke koyo sun gano cewa kan mutum ba ya ɗaukar sabbin abubuwa da yawa a zama ɗaya, abin da aka ji sau ɗaya aka ajiye zubewa yake yi, kuma gyaɗa kai ba shaidar iyawa ba ce. Sai an rarraba, an bar kwanaki a tsakani, an sa mutum ya yi da hannunsa ba tare da an tuna masa ba. Tana bayani da zafi kamar ni ne shugaban nata. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika zauren, hankalina kuwa ya riga ya tafi wani ƙauye arewa da Barmu, inda na koyi wannan karatun nata a kan gonar wani bawan Allah.

Farkon shekarar 1997 ce. Ina da shekara ashirin da shida, na fito makarantar aikin gona da littattafai cike da kyakkyawan rubutu da kai cike da iska. Wani furoje, wato shirin farfaɗo da matattun gonaki, ya ɗauke ni malamin gona, mutanen ƙauye suna kirana Mushe, wato malam da faransanci, ni kuwa ina jin daɗin sunan fiye da kima. Lokacin ƙasa na cikin wani hali. An karya darajar sefa shekaru uku kafin nan, an yi juyin mulki, masu ba da kuɗin aikin sun ja da baya. Albashi sai ya ga dama yake zuwa. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, mu samari kuwa muna fada a bakin titi muna shan shayi muna gyara ƙasa da baki.

Wanda na gada a aikin, wani dattijo, yakan bi ƙauyuka duk ranar kasuwar Barmu tun daga girbi har faɗuwar damina, yana koya musu abu ɗaya ɗaya. Da na zo, shef, wato shugabanmu, ya kira ni biro, ofishinsa ke nan, ya ce wannan zamanin ya wuce, babu man babur. Kowane ƙauye kwana uku, in haɗa komai in juye musu. Ban yi gardama ba. Gaskiya ma daɗi na ji, don a ganina abin da dattijon ke ja wata shida yana yi, mai ilimi irina zai gama shi kafin Juma'a.

Azumi ya faɗo cikin sanyi a shekarar. Maigari ya sa aka buɗe mana ajin lakkol, wato makarantar boko, dattawa masu gemu suka matse a bencinan yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Mata kaɗan suka tsaya ta taga, don yawancin mazan garin sun tafi bida, wato neman abinci a ƙasashen kurmi. Na fara da hantsi, ban tsaya ba sai azahar, aka yi salla na ɗora har la'asar sakaliya. Haƙan tassa, wato ƙananan ramukan shuka, jeren duwatsu, ramin taki, renon itatuwa, maganin iri, awon gangare da tiyon ruwa, duk na zazzage musu. Leɓunansu sun bushe sun tsage, idanu sun faɗa, wani na gyangyaɗi yana farkawa yana cewa "haka na". Ni ma maƙogwarona kamar an zuba toka, amma daɗin muryata ya hana ni jin ƙishi. Duk inda na kai aya sai in juyo in ce, "Kun gane?" Su kuwa su amsa baki ɗaya, "Mun gane, Mushe." A ƙasarmu dattijo ba ya buɗe baki gaban surukinsa da ɗan ƙanensa ya ce wa malami bai gane ba. Na san haka sarai, ubana ma ba zai faɗa ba, amma amsar ta yi mini daɗi sai na karɓa.

Babban darasin shi ne rabin wata. A ƙasarmu ta Adar akwai irin ƙasar da muke kira faƙo, wadda ta daskare ta yi tauri, ruwa ya sauka a kanta ya wuce bai shiga ba, ko ciyawa ba ta fitowa. Sai a haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa na duban inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar a bayansa ta zama kunya, a zuba taki a ciki. Ruwa ya zo ya kwanta, a shuka hatsi. Amma ramukan ba a jera su wani bayan wani. Kowane rami na sahu na biyu sai ya zauna daidai ratar da ke tsakanin biyu na sahun farko, don ruwan da ya kuɓuce wa na sama ya faɗa cikin na ƙasa. Wannan shi ne ran aikin gaba ɗaya. Ni kuwa rabin wata guda ɗaya na zana a allo, ƙato, na ƙawata shi da awo da kibiyoyi. Zancen jerin na faɗe shi a jimla ɗaya, rana ta biyu, dab da la'asar, bayana na juye ga mutane ina share allo.

A bencin gaba akwai wani dogon mutum mai kimanin shekara hamsin, Arzika, wanda bai yi gyangyaɗi ko sau ɗaya ba. Tafin hannunsa duk faso, kuma yana da wani busasshen tari da yake dannewa cikin rawani don kada ya katse ni. Shekara ashirin da wani abu, duk bayan girbi sai ya tafi Abijan, ba ya dawowa sai an ga hadari. A wannan karon ciwon ƙirji ya jinkirta shi, kayansa na ɗaure, yana jiran a sha ruwan salla ya kama hanya. Ranar ƙarshe ya tare ni a bakin aji. Ya ce yana da faƙon da ya gada, mai faɗi, gonarsa ta jigawa kuwa ta gaji, ba ta ciyar da gidansa ko wata huɗu.

"Mushe, wanga abu gaskiya na? In na haƙa, faƙo shina ba da hatsi?"

Na ce masa ko shakka babu, Baba.

"To, bana ba ni zuwa ko'ina. Likita ya ce in na koma can ƙirjin ga ba shi barina. Na gaji da zama baƙo, Mushe. So nike in zamna gida."

Na buga ƙirji na ce ya kwance kayansa, kuma zan zo in duba aikin da idona. Ban tambaye shi abin da ya riƙe daga darasin ba. Ban tambaye shi ko wace sana'a yake yi a Abijan ba. Na hau bayan motar kasuwa ina jin kaina wani mai ceton al'umma.

Abin da ya biyo baya daga bakin matarsa Habsu na ji shi daga baya, don ni ban gani ba. Ya fara haƙa bayan salla da mako biyu. Sanyi ya janye, bazara ta shigo da irin zafin da ke sa tsuntsu ya buɗe baki a inuwa. Da an sallame asuba sai ya saɓi diga da shebur ya fita, don a ci ƙarfin aikin kafin rana ta taso. Digar na dukan marmara tana tartsatsi, hannu na girgiza har kafaɗa, rami ɗaya sai ya ci masa rabin hantsi. Habsu ta je rijiya tun duku-duku, ta bi layin guga, ta dawo ta daka ɗan hatsin da ta auna, ta dama fura mai ruwa-ruwa ta kai masa da rana tsaka. Ya sha a gindin wata aduwa, itace ɗaya tilo a faƙon, ya kwanta tari ya lafa, la'asar ya koma. Ita kuma ta bi mashekarin Buzaye da jaki tana tsintar kashin raƙuma da na awaki, ta kawo ta zuba a ramukan da ya gama.

Kafin watan Mayu rumbu ya nuna gindinsa. Babu saƙo daga kurmi, tunda mai aikowa yana gida. Suka koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, da ganyen jiga, da ɗan garin rogo in an samu. Habsu ta ce har yau ba ta son jin warin ruwan anza. Maƙwabta suna wucewa suna yi masa sannu, wasu na dariya a ɓoye wai Arzika na noman dutse. Wasu cikinsu sun zauna ajin nan tare da shi, amma babu wanda ya tsaya ya gyara masa komai, don babu wanda ya riƙe abin da zai gyara. Wata uku sun wanke darasina tas.

Ni kuwa ina Tawa. Na sha faɗa wa kaina cewa rashin mai ne ya hana ni zuwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wata Asabar cikin Afrilu da wani abokina ya ce zai je Barmu da babur, in zo ya rage mini hanya. Ranar ce kuma aka shirya babban taron 'yan ƙwadago, fadarmu duk za ta je, an ce ni zan yi magana a madadin matasa. Na zaɓi taron. Na yi magana mai daɗi, aka tafa mini. Da a ce na bi abokin nan, kallo ɗaya zan yi wa faƙon in ga kuskuren tun yana sahu na biyar. Wannan Asabar ita ce abin da na fi jin kunya a duk shekarun aikina.

Damina ta makara. Hadari ya haɗu ya watse ya fi a ƙirga, iska mai zafi ta taso ta kwashe shi, mutane na fita roƙon ruwa da tufafi a juye. Sai ƙarshen Yuni ya sauka, mai ƙarfi, irin wanda a sa'a ɗaya yake cika ƙorama. Kwana biyu bayan haka na samu mota na tafi, ina ɗokin ganin ruwa kwance a faƙo. Tun daga nesa na hango aikin, na tsaya cak. Ban taɓa ganin haƙa mai kyau irin wannan ba. Kowane rami daidai da ɗan'uwansa, kunya a daddale, awo bai kuskure ba. Kuma ya jera su reras, wani bayan wani, tun daga tudu har gangare, da hanyoyi miƙaƙƙu a tsakaninsu kamar layukan unguwa. Ta hanyoyin nan ruwan ya bi. Ya taru ya yi ƙarfi, ya zaizaye gefen ramukan, ya farfasa kunyoyin ƙasa, ya kwashe takin Habsu ya kai ƙorama. Sahun farko kaɗai ya riƙe ruwa sosai.

Yana tsaye a tsakiyar ɓarnar, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Muka gaisa, ya tambayi gajiyar hanya da mutanen Tawa ɗaya bayan ɗaya, bai rage komai a gaisuwar ba. Sannan ya ce shi dai ya yi yadda ya gani a allo, ko akwai inda ya saɓa. Na fara yi masa bayani da kalmomin makaranta, ina tuntuɓe, ina cewa ai na faɗa a aji. Da na ga magana ba ta shiga, sai na durƙusa na tsinci duwatsu, na ajiye biyu, na sa na uku a ƙasansu daidai ratar.

Ya daɗe yana kallon duwatsun nan uku. Sai ya durƙusa shi ma, ya ɗauki wasu ya ci gaba da jerin da sauri, hannunsa bai yi shakka ko sau ɗaya ba.

"Awa jeren bulo," in ji shi. "Ba a aza gaɓa bisa gaɓa."

Na ce haka ne, kamar jeren bulo.

"Mushe, ni magini na. Aikin da nika yi ke nan can, shekara ashirin. Da ka ce min awa bulo, ko barci nike ba ni ɓata shi."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ya fi ni sanin wannan jerin nesa ba kusa ba ya zauna gabana kwana uku, ilimin na cikin hannunsa, abin da ya rage kawai in nuna masa cewa shi ne. Ni kuwa ina can ina ƙawata allo.

Muka zauna gindin aduwar. Na ba shi haƙuri, ya ce in bar zancen, abin da Allah ya rubuta ne. Sai ya shiga ba ni labarin wanda ya koya masa gini, wani tsoho mutumin Dogonduci. Ya ce tsohon nan bai taɓa tambayarsa ko ya gane ba. Sai dai ya miƙo masa cokalin gini ya ce aza sahu ɗaya, ya koma gefe ya yi shiru. In ya karkace ya sa ƙafa ya ture. Ba ya ƙara masa sabon abu sai na jiya ya zauna, kuma bayan mako guda, sa'ad da ya ɗauka an wuce wurin, sai ya sake cewa aza mini irin na ran nan. Ina saurare ina jin kamar littattafaina ake turewa da ƙafar.

Na kwana uku a garin ina haƙa tare da shi, karo na farko da na riƙe diga da niyyar aiki. Hannuna ya yi bororo ya fashe kafin azahar. Kowa na gonarsa yana shuka, babu wanda za a kira gayya, kuma mai cin anza ba ya da ƙarfin da zai ba wani. Muka samu muka haƙa sabbin ramuka a ratar sahu huɗu na kusurwar tudu, muka tattaro ɗan takin da ya maƙale a duwatsu. Sauran faƙon muka ɗan daddale abin da ya daddalu, aka shuka a haka.

Ruwan shekarar bai yi yawa ba. Bayan na farkon nan sai yayyafi, sai fari na kusan mako uku cikin Agusta, daidai lokacin da hatsi ke neman yin ciki. Sama ta yi fari fat, ganye ya nannaɗe da hantsi, da azahar ka taɓa ƙasa ta ƙone ka. Na koma sau biyu a motar kasuwa. Hatsin faƙon ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, in iska ta kaɗa sai ka ji yana ƙara kamar takarda. Kusurwar tudun nan kuwa kore shar, zangarniya ta fito da kauri. Mutane suna zuwa kallo. Ganinta ya fi ƙona mini rai, don tana nuna abin da faƙon gaba ɗaya zai yi da an jera shi daidai.

Abin da aka girbe, da na kusurwar da na jigawa, ba zai kai gidan ga sanyi ba. Arzika bai yi shawara da kowa ba, ya sake ɗaure kayansa. Na same shi a tashar Tawa ranar da zai tafi, yana zaune kan buhunsa yana tari. Na ce ya tsaya mu nemi wata dabara, ko aikin gini a nan cikin gari. Ya ce wa ke gini a Tawa bana? Ya ce faƙon ya nuna gaskiyata, saura gyara, kuma Habsu ta ce za ta yi.

"Ka koya mata, Mushe. Amma ka bar alli gida."

Haka na yi. Furojen ya rufe kafin ƙarshen shekara, ba shef ba babur, sai ni da ƙafafuna. Duk ranar kasuwa in bi mota zuwa Barmu in ƙarasa a ƙasa, in kwana a garin. Habsu ta tara mata bakwai waɗanda mazansu ke kurmi, suka yi yarjejeniyar bin gonakin juna. Da sanyin safiya muke haɗuwa a faƙon, kuma abu ɗaya tak nake kawowa a rana. Kafin in ce komai sai in tambaye su yadda suke yin makamancinsa a gida. Jerin ramuka, wata ta ce ai haka ake saƙar tabarma, ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi ke nan ya zauna mata. Sai su gina ƙananan ramuka a ƙasa da hannu, a tuttula ruwan buta daga sama, kowa ta ga inda ya bi. Mako na gaba ba na maimaita komai. In zauna gindin aduwa in ce a nuna mini na ran nan, in kame bakina, wanda shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Sukan yi tsaye suna tunani, su ɓata, su yi gardama, wata ta tuno. Abin da suka tuno da wahala haka ba ya sake ɓace musu. Habsu takan tsokane ni wai Mushe ya zama kurma, ni kuwa in ce ai kun sha surutuna bara.

Ba sauri aikin ya yi ba. Wata biyar muka yi a kan abin da na taɓa juyewa a kwana uku. Yunwa ta fi ta bara, an sake komawa anza, mata biyu suka janye don ba su iya ɗaga diga. Habsu ba ta fasa ko sau ɗaya ba. Ta cike ramukan da suka zauna ba daidai ba, ta haƙa sababbi, tana ɗaure cikinta da gyale don ya daina kuka. Saƙon Arzika yakan zo jefi-jefi, ɗan abin da ya samu da gaisuwa, da cewa yana nan lafiya. Masu dawowa kuwa suna cewa tarin ya ƙaru, wani lokaci sai an sauko da shi daga kan gini. Da damina ta faɗi bai dawo ba, ya aiko cewa gara ya tsaya ya ƙara nema, kada a sake yin biyu babu.

Daminar 1998 ta yi albarka. Ruwa ya kwanta a kowane rami, kwaɗi suka yi kuka a wurin da ko ƙadangare ba ya tsayawa. Hatsi ya fi ni tsawo. Aka cika rumbu aka ɗaura wani sabo. Bayan girbi Habsu ta aro rediyo mai kaset, don a lokacin haka ake aika magana kurmi. Ta yi tata, 'ya'yanta suka yi tasu, sannan ta turo mini rediyon.

"Ni in na hwaɗi, cewa za shi yi don shi komo nika yi. Kai hwaɗa mai, Mushe. Maganarka shika ɗauka."

Na karɓi rediyon, ina sane da abin da ɗaukar maganata ta jawo masa. Na yi sallama, na ce Baba faƙo ya ba da hatsi, rumbu biyu, na gani da idona, ka taho gida.

Ya taho cikin sanyi, kwana biyar a mota. A amalanken jaki aka ƙaraso da shi daga Barmu, don ba ya iya tsayuwa. Da labari ya same ni na je washegari da hantsi. Yana kwance a tsakar gida kan tabarma, an jingina shi da bango inda rana ke taɓawa, rumbunan biyu na gabansa. Na gane shi ne ta tsawonsa da hannayensa. Numfashinsa na fita da ƙara, amma sai da ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi gajiyar hanya.

Habsu ta kawo fura a ƙwarya, mai kauri, da nono. Ta tallafo kansa ta ba shi ludayi ɗaya, ya haɗiye da ƙyar, ta ƙara masa na biyu. Ya riƙe a baki yana ɗanɗanawa kafin ya haɗiye. Ya tambaye ta hatsin ina ne. Ta ce na faƙo.

Ya rufe ido ya yi hamdala. Can ya ce, a hankali, ba da ni yake ba kuma ba da ita ba, "Da bara munka samu wanga."

Habsu ta miƙo ludayi na uku, ya girgiza kai. Ina zaune a bakin tabarmar na san adadin abin da ke tsakanin baran da banan, jimla ɗaya ce da na faɗa ina share allo. Ya buɗe ido ya ga fuskata, sai ya tura ƙwaryar wajena da bayan hannu ya ce in sha, kada ta lalace.

Na sha. Kwana goma sha ɗaya ya yi a gidansa, aka binne shi kafin a fara haƙan bazara.